Kanarin Alhaji da Faɗa-wutar Tsamiya

Na aiki jikata kasuwar Mararaba ta nemo mini zaren tsamiya, ta zagaye rumfunan masu zare kaf, ta dawo hannu rabbana. Babu wanda ya taɓa jin sunansa. Har wani mai kanti ya tambaye ta ko dai kakar tata ta fara ruɗewa ne. To, ban ruɗe ba. Ni da hannuna na dafa shi, na tsefe shi, na kaɗa shi, a cikin Abujar nan da ake ta hura hanci da ita. Abin da ya ƙara ba ni haushi, a bakin kasuwar, kusa da masu kaji, har gobe akwai mai sayar da kanari a keji, yara na tsayawa suna yi masa fito. Tsuntsu mai waƙa ya samu masu tunawa da shi, ƙwaruwar da ke yin zare kuwa ko sunanta ya ɓace. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da su biyun tun bakina yana motsi.

Zaren tsamiya ba auduga ba ne, tsutsa ce ke yin sa. Da damina za ka ga tsutsotsin sun rufe itacen doka suna cin ganye, idan ka tsaya shiru a gindin itacen har ƙarar cinsu kana ji, sif-sif-sif, kamar ana yayyafi. Idan suka ƙoshi sai su sauko a jere, kan wannan a wutsiyar wancan, babu mai tsallake ɗan'uwansa, su nemi jikin wani itace, galibi tsamiya, su taru su saƙa gida ɗaya su shige ciki gaba ɗayansu. A nan za su kwanta rani guda cur. Sai ruwan farko ya sauka sannan su fito da fukafukai, farare-farare masu zanen ƙasa-ƙasa, irin waɗanda muke kira faɗa-wuta. Gidan da suka bari shi ne dukiyar. A dafa shi da ruwan toka har ya yi laushi, a wanke, a shanya, a tsefe da yatsu, a kaɗa da mazari. Da wannan zaren ake yi wa babbar riga aiki, kuma rigar za ta tsufa ta yage aikin yana nan daram. A hannun Inna, kakata ta wajen uwa, na koya. Kafin mu taɓa gidan sai ta sa mu shafe hannu da man kaɗe har gwiwar hannu, don yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi na fitar hankali. Kuma tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa: ba a dafa gida da masu gida a ciki. 'Yan kasuwa kan turara shi da hayaƙi su kashe na ciki don su yi sauri, ita kuwa sai ta ce, “Ki jira su fita. In kin dafa uwar, wa zai saƙa miki na baɗi?”

Na zo Abuja ina amarya, lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki karon farko, kuɗin mai na zuba, kowa na maganar kwangila. Garin da kuke gani yanzu babu shi. Jar ƙasa ce, da katafila, da tifa, da daji ta ko'ina. Inda Gwarimpa take, doka ce tsaye iya ganinka, Fulani na kiwo a ciki. Da asuba kukan makwarwa ke tashinka, yau kuwa hon ɗin mota da janareton maƙwabci. Maigidana, wanda nake kira Malam har Allah ya karɓi abinsa, direba ne na wani babban ma'aikaci a ofishin masu gina garin. Shi wannan Alhaji ɗan boko ne, mutumin arewa, ya yi karatu har ƙasar waje, kuma ba shi da mugun hali. Ya ba mu ɗaki ciki da falo a bayan gidansa, ga famfo, ga lantarki, abin da ban taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba. An kuma yi wa Malam alkawarin takardar aiki ta dindindin, wadda aka ce mai ita zai samu kwatas nasa na kansa idan gari ya ginu. A kan wannan takarda Malam yake kwana yake tashi.

Alhaji yana da kanari guda, a kejin tukurwa, rataye a barandarsa mai tagogin gilashi. Ɗan mitsitsi ne, ƙirji ruwan ɗorawa, baya kore-kore, amma in ya buɗe baki sai ka rantse su biyar ne. Yakan fara a hankali, ya ja, ya murza, ya karya, ya sake ɗauka daga sama har sai maƙogwaronsa ya kumbura. Alhaji ba ya shan shayin safe sai yana jin sa. Ni aka ba aikin zuba masa acca da ruwa kowace safiya, wani lokaci da ɗan jan barkono, wai yana ƙara masa murya. Da yamma kuma Alhaji da kansa yake sauke kejin ya shigar da shi falo ya rufa masa ƙyalle, in ba ya gari matarsa Hajiya ta yi. Kada wani ya ce na tsani tsuntsun nan. Ina son sa. Ranar da kewar gida ta kama ni, ina wanki ina sharar hawaye, waƙarsa ce ke ɗebe mini kewa.

Amma ina kallonsa ina tuna faɗa-wutar Inna, kuma na kasa hana raina auna su. Kanari namijin ne kaɗai ke waƙa, kuma ya fi yi idan shi kaɗai ne, shi ya sa ba a haɗa masa aboki. Da muryar ɗan'uwansa ake kama shi: a sa wani a keji mai tarko a kai daji, yana kuka na daji ya zo dubawa, ƙofa ta rufe. Daga ranar ba zai sake neman abinci da kansa ba, shekara da shekaru ana zuba masa yana rerawa. Faɗa-wuta kuwa ba ta da murya ko kaɗan. Inna ta ce ko bakin ci ba ta da shi, 'yan kwanaki take yi a duniya, ta saka ƙwai a ganyen doka ta mutu. Ba ta da kyan da za a rataye ta a baranda. Duk abin da za ta yi ta riga ta yi shi tun tana tsutsa, a cikin taro, babu wanda zai nuna zare ɗaya ya ce wance ce ta saƙa. Na taɓa tsokanar Malam, ranar da na ji shi yana jero wa Alhaji gaisuwar safe, ranka ya daɗe, an tashi lafiya, ya gajiyar jiya, na ce masa gidan nan kanari biyu ne, ɗaya a keji ɗaya a mota. Ya yi dariya ya ce, “To ke ci accar ki yi shiru.”

Akwai wata Bafulatana da ke kawo nono gidan, daga rugarsu ta wajen duwatsun Mpape. Wata rana da rani na ga wani abu ruwan ƙasa a gefen ƙwaryarta, ta nannaɗe shi da ganye. Gidan tsutsar tsamiya ne, na gane shi nan take. Na ce mata ina ta samo wannan.

Ta ce, “Wannan? Yana nan da yawa a daji, yara ne ke jifa da shi. Kina so ne, Kaɗo?” Haka Fulani ke kiran Bahaushe.

Na ce ta kawo mini duk wanda ta gani. Kafin wata biyu na cika buhu. Na girgiza su a kunne na ji da nauyi, masu gida na ciki, sai na rataye buhun a ɗan sito da ke jikin ɗakinmu, na bar bakinsa a buɗe, ina jiran ruwa. A nan na yi nawa kuskuren, kuma ban taɓa musun sa ba. A garinmu haka Inna take yi, ta rataye su a rumfa, ranar da suka fito su bi duhu su nufi daji, don aci-balbal ɗinmu ba ta kai ta ruɗe su ba. Ni ban san abin da fitilar lantarki take yi wa faɗa-wuta ba. Wa zai gaya mini?

Ruwan farko ya sauka ranar da Malam ya kai Alhaji Kaduna, za su kwana biyu. Kashegari bayan magariba ina tuƙa tuwo na ji Hajiya tana kiran sunana da wata irin murya. Na fito da muciya a hannu. Fitilar baranda ba a ganin ta. Sun rufe ta, sun rufe bango, sun rufe labule, wasu na shawagi suna bugun gilashi, wasu sun fara kutsawa falo. Ni kaina ban taɓa ganin su da yawa haka wuri ɗaya ba, kuma Allah ya sani, abin da ya fara zuwa raina shi ne kyansu.

Hajiya ta ce, “Asu ne. Daga sitonku suke fitowa, na gani da idona. Za su cinye mini leshi, su cinye kwat ɗin Alhaji. Me kika tara mana a gida?”

Na ce, “Hajiya, ba asu ba ne. Asu ɗan ƙarami ne, a cikin akwati yake zama. Waɗannan ba sa cin komai. A kashe fitila kawai, a buɗe tagogi, kafin a yi isha sun tafi.”

Ta ce, “In zauna a duhu a gidana saboda ƙwari? Je ki fitar mini da wannan ƙazantar yanzu-yanzu.”

Malamar makaranta ce, ta fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma a birni ta tashi, duk abin da ke da fiffike fari a wurinta asu ne. Na ruga na sauke buhun, na fita da shi ta ƙofar baya, na tsallaka kwalbati na rataye shi a wata doka, don sauran su fito inda ya kamata. Kafin in dawo Hajiya ta rufe tagogin baranda ruf, ta ɗauko filit, maganin feshin ƙwari, ta yi ta bugawa har gwangwanin ya ƙare, ta ja ƙofa ta shige ciki. Tun daga ƙofar baya warin ya tare ni. Kejin yana rataye a inda yake. Ta manta ba ta shigar da shi ba, ni ma hankalina yana kan nawa, ban tuna da shi ba.

Da safe gidan ya yi tsit. Na zo da 'yar kwanon acca, na buɗe baranda, ƙasa ta yi fari fat da gawarwaki. Na ɗaga kai na ga kanarin a ƙasan keji, ƙafafu a sama, ido a rufe. Waɗanda suka samu kafar taga kafin a rufe sun tsira, shi kuwa ina zai je? Na zauna a dandamali na yi kuka sosai, na shi da nasu. Na share su cikin kwando na kai gindin doka na zuba. Hajiya ta leƙo ta gani, ta dafe ƙirji, ta koma ciki.

Da suka dawo, Hajiya ta riga ni. Ta ce wa Alhaji ƙwarin da matar direba ta tara ne suka shiga keji, tsuntsu ya ci, gubarsu ta kashe shi. Ba ta ambaci filit ba, alhali labulen baranda na ta warinsa har lokacin. Malam ya shigo ɗaki ya zauna bakin gado, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Oga ya ce ki zo ki ba Hajiya haƙuri a gabansa, ki ce ƙwarinki ne suka kashe tsuntsu, a ƙona buhun, magana ta wuce.”

Na ce, “Malam, ba ka ji warin filit ba?”

Ya ce, “Na ji. Shi ma ya ji, hancinsa lafiya lau. Kowa ya san abin da ya faru. Amma ba zai kunyata matarsa a gaban direba ba. Haka ake yi a gidan manya, na ƙasa ya ɗauka, a ce an yafe, kowa ya huta. Kalma ɗaya ce. Ki tuna takardar nan.”

Na san gaskiya ya faɗa game da yadda ake yi. Na ga an yi wa kuku, na ga an yi wa mai gadi, an fasa tangaran a falo an ce su ne, sun durƙusa, an yafe musu abin da ba su yi ba, har da kyautar tsohuwar riga. Raina ne ya ƙi. Na yafa mayafi na bi shi.

Alhaji na zaune a baranda, kejin babu kowa a gabansa, idonsa ya yi ja. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Na durƙusa na gaishe su.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na ajiye buhu a sito, ban san fitila za ta ja su ba. Sun shiga gidanka, sun tayar wa Hajiya hankali. Wannan laifina ne, a yi mini haƙuri, ba zan sake ba.”

Ya ce, “Da tsuntsun.”

Na ce, “Ban kashe tsuntsu ba, ranka ya daɗe. Su ma ba su kashe shi ba.”

Ya ce, “To wa ya kashe shi?”

Ban kalli Hajiya ba, ban kuma ambaci sunanta ba. Na ce, “Allah ya sani, kuma na san ka sani.”

Ina jin numfashin Malam a bayana. Alhaji ya juya gare shi ya ce, “Direba, ka ji matarka. Ni ba na son tashin hankali. Ko ta faɗi abin da aka ce ta faɗa a ƙona wannan shara, ko ku nemi wani wuri kafin Juma'a. Kai za ka zaɓa.”

Ni na ɗauka Malam zai durƙusa ya ba da haƙurin a madadina, don ya iya, bakinsa ya saba. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin mota, ya ajiye a kan teburin shayi a hankali, ya ce, “Allah ya saka da alheri, yallaɓai.” Ya juya. Bai nufi ɗaki ba, ƙofar baya ya bi, ya tsallaka kwalbati, ya dawo da buhun a kafaɗa. Ina ce masa ya tsaya ya shafa mai, bai saurare ni ba. Mako guda ya yi yana susar wuya har ya yi ruɗu-ruɗu, kuma mako gudan nan bai yi mini magana ba sai ta dole.

Mpape muka koma, ɗakin laka a gefen dutse, babu famfo, babu lantarki, ruwa sai na gangara rafi. Malam ya samu tuƙin tifa a wurin fasa dutse. Idan za su tayar da nakiya sai a busa usur, mu kwashe yara mu shige ɗaki, kwanuka na rawa a kan kanta. A wannan ɗakin na dafa gidajen nan, na kaɗa su, zare ya fito sumul, masu aikin riga daga Suleja suka riƙa aiko mini. Na yi shekaru ina yi, Bafulatana na kawowa, ina jiran ruwa, ina sakin su a daji. Sannan buhu ya koma rabi, rabi ya koma ƙwarya, aka sare doka aka yi gawayi, aka yanka filaye, rugar ta tashi. Wata damina na jira ban ga ko ɗaya ba. Ban cece su ba, kada wani ya ɗauka labarin nasara nake bayarwa. Takarda kuma ba ta zo ba. Direban da ya maye gurbin Malam ya samu kwatas, daga baya aka sayar masa da shi, 'ya'yansa suna ciki har yau. Mu kuwa rusau ya kore mu daga Mpape zuwa nan, kuma ƙurar dutse ta zauna wa Malam a ƙirji, da ita ya yi ta tari har ƙarshe.

Babban ɗanmu ya san labarin, don ban taɓa ɓoye shi ba. Wata rana Malam na kwance a tabarma, jiki ya yi nisa, ɗakin na yoyo mun tara roba, yaron ya dawo daga neman aiki a cikin gari, ya sha cunkoson hanya, ransa a ɓace. Ya dube ni ya ce, “Mama, kalma ɗaya fa. Da kin faɗe ta da yanzu muna cikin gari, da Baba bai shaƙi ƙurar nan ba.” Maganar ta soke ni, don ni ma na sha yi wa kaina ita.

Malam ne ya ɗago, da kyar, ya jira tarin ya lafa. Shekara da shekaru bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ko da wasa. Ya ce, “Kai, zo nan. Ba ita ta ajiye makulli ba, ni na ajiye. Uwarka ba ta kashe tsuntsu ba.” Ya koma ya kwanta.

Bai ƙara kwana goma ba. Ni kuma ga ni, haƙora sun zube, ido ya yi rauni, ɗakin haya nake ciki. In Alhaji zai tashi yau ya zauna a barandar nan, ya ajiye mini makullin gida a kan teburin shayi ya ce in faɗi kalmar nan, zan durƙusa in gaishe shi, in ba shi haƙurin ƙwari, in tashi in kama hanyar Mararaba.